Sikanar Alhaji ta ƙi karanta lambar kaya

Alhaji Mai Kemis: Jama'ar Gusau, ku yi hattara. Sikanar da yarona ya sayo mini daga Kano, na'urar nan mai karanta lambar sanduna da ke jikin kaya, jabu ce. Kwalin magani takan karanta, amma ledar biskit da kwalbar sirop sai a yi ta danna ta, mutane na tsaye har bakin ƙofa. Kuɗina sun tafi a banza.

Ɗan Fagge: Alhaji, da girmanka, ka janye kalmar jabu. Komai ya lalace sai a ɗora wa Kano?

Hajiya Mai Atamfa: Sikana ya ce, bai ce Kanawa ba. Mi ya tsone maka ido?

Malam Mai Gyaran Kwamfuta: Ranka ya daɗe, yaya yaron yake riƙe ta? In ya saita ta cak a kan leda mai ƙyalli, hasken leza yakan dawo mata cikin ido gaba ɗaya, sai ta makance kamar wanda fitilar mota ta haske. Ya ɗan karkata ta, kamar digiri 15, ya ja baya kaɗan, kada ya manna ta da kayan. Jan layin hasken da take fitarwa kuma dole ya ratsa sandunan lambar duka, har farin filin da ke gefe da gefe. Yatsa ya rufe filin nan, ba za ta karanta ba. Kwalba kuwa lanƙwasarta ke ɓoye sandunan gefe, sai an juya lambar ta fuskanci sikanar. Ledar da ta yamutse a miƙe ta.

Ɗan Fagge: To kun ji. Watakila ma kayan shagon ne jabu. A duba, in lambar ba ta fara da 615 ba, ba kayan Najeriya ba ne.

Alhaji Mai Kemis: Kai yaro, maganina kake kira jabu? Tun ba a haife ka ba nake wannan sana'a.

Malam Mai Gyaran Kwamfuta: 615 tana nuna kamfanin ya yi rajistar lambarsa a Najeriya, ba inda aka ƙera kayan ba. Kuma sikana ba ta gane jabu, wanda ya kwafi lambar wani za ta karanta masa lafiya lau. In magani ne, a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Alhaji, an gwada karkatawar?

Hajiya Mai Atamfa: A bar zancen karkatawa, yaron ga ya ba Alhaji haƙuri tukuna.

Ɗan Fagge: Shi ya fara, Hajiya.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: an cuci Alhaji, kuma Ɗan Fagge ya yi wa babba rashin kunya, ya ba da haƙuri kafin magariba. Malam ma ya yi bayanin riƙo, an gode. Nan gaba a riƙa sayen kaya a gida Gusau, inda za a iya mayarwa. Na rufe maganar.