Abin da malamai suka tsayar kan koyar da sauraron kiɗa a makarantun ƙauye

Malaman firamare da na ƙaramar sakandare daga ƙauyukan Gumel da Ringim sun tattauna yadda za a koya wa yara sauraron kiɗa da fahimtarsa. Ga abin da ya fito.

Kafin komai, a sanar da mai unguwa da liman da iyayen yara, a nuna musu waƙoƙin. Waƙar noma da ta sana'a ba a gardama a kansu. Mai zambo ko batsa a ajiye ta.

A darasin minti 40, kada abin da za a kunna ya wuce minti 3, amma a maimaita shi sau uku. Na farko yara su saurara kawai. Na biyu su tafa daidai da bugun. Na uku su rarrabe muryar jagora da ta 'yan amshi, su faɗi kayan kiɗan da suka ji. Idan aka saki waƙa har ƙarshe, rawa ajin zai koma.

An fi daɗewa a kan kalangu, kuma ya cancanta. A gayyato makaɗin gari ya matse tsarkiya a hammata, yara su ji sauti ya hau, ya sassauta su ji ya sauka. Haka kalangu yake kwaikwayon magana. Da damina fatar takan saki saboda danshi, sai a shanya shi a rana tukuna. Goge kuwa ba ya kuka sosai sai an shafa wa izgarsa ƙaro.

Lasifikar waya ba ta kaiwa bayan aji, a nemi ƙaramar sifika, a yi mata caji tun kafin ranar darasin.