Don Allah ku ba ni shawara, bayana ya hana ni sakat

Mai tambaya: Salamu alaikum ƴan uwa. Ni tela ce a Tawa, shekarata 34, ƴaƴa uku. Tun haihuwar autana ƙuguna ke ciwo, wata 14 kenan, lokacin maigidan ya tafi Libiya bida ya bar ni da tsohuwarshi da yara da keken ɗinki, kuma kuɗin da ya ce zai aiko kowane wata sai in an ga dama, ni ke awo ni ke biyan lakwal, ga ɗinkin sallah na mutane jibge. Na yi radiyo, wato hoton ƙashi, jika 15, lokotoro ya duba ya ce ƙashi lafiya lau, wai ina barci? ina cin abinci? ina kuka? Daga ƙarshe ya ce damuwa ke ƙara mani ciwon. Ni bayana na kawo mashi. Mi zan yi?

Alhaji na Yamai: Ɗiyata sanyi ne da basir, babu wata damuwa. Ki nemi wanzami ya yi maki ƙaho, ki kwanta kwana 10 bisa tabarma. Shekara 30 ina fama, na san abin nan.

Ɗan kabu-kabu: Yaya kar dai ki taɓa tramol. Ni da shekara 22 baya ya kama ni saboda hanyar nan mai ramuka, na fara da guda ɗaya, yanzu in ban sha ba ko gaisuwa ba ni so. Kuma mai moton kullum sai ya ƙirga kuɗinshi cif, bai taɓa tambayar lafiyata ba.

Wata mai aikin jinya: Ƴar uwa lokotoro bai zage ki ba. OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta ce mutum miliyan 619 ke da ciwon ƙugu a 2020, mata sun fi yawa, kuma kusan 90 cikin 100 ba a ganin takamaiman dalili, shi ya sa radiyonki fes alhali ciwon gaskiya ne. Abin biyu ne ke jan juna. Ciwo ya hana barci da aiki, rai ya ɓaci, rai in ya ɓaci jiki ya ɗaure, ciwon ya ƙaru. Matasa ma na yi, amma an fi ganinshi wajen shekara 50 zuwa 55, tsofaffi kuma ba su cewa raina, sai dai bayana. Doguwar kwanciya ƙara shi take, ki riƙa tashi daga keke kina takawa. Amma in ƙafa ta mutu, ko fitsari na zuba ba ki sani ba, ko zazzaɓi da rama, koma likita ranar.

Alhaji na Yamai: Madam wannan na nasara ne. Musulmi da tawakkali ina shi ina damuwa?

Wata uwa: Alhaji ai uwata ba ta rasa sallah, tun rasuwar babanmu baya ya kwantar da ita, ta daina zuwa suna da biki, ƙannena maza ko waya ba su kira, ni kaɗai ke ɗawainiya.

Mai tambaya: Madam na gode amma ni ba mahaukaciya ba ce, kukan da nike yi na ciwo ne. Kuma in na tashi daga keke wa zai ciyar da mu? Diklofenak nike sha safe da dare, shi ke riƙe ni.

Wata mai aikin jinya: Wata nawa kina shan shi? Yana cin ciki da ƙoda fa. Kuma ciwon damuwa ba hauka ba ne.

Alhaji na Yamai: Ƙaho dai ɗiyata.

Mai tambaya: To Baba, nawa wanzamai ke amsa yanzu?