Sauka a ƙaramin otal a Tashkent, babban birnin Uzbekistan: abin da masana hanya suka ce

Abin da aka fi nanatawa shi ne rajista. Dokar Uzbekistan ta ce baƙo ya yi rajistar masaukinsa cikin kwana 3 da shigowa, kuma otal ne ke yi masa ta manhajar E-mehmon. To, ba kowane masauki mai araha ke da izinin karɓar 'yan ƙasar waje ba, don haka ka tambaya tun kafin ka biya kuɗi. Ranar tashi ka karɓi 'yar takardar shaidar rajistar, ka adana ta cikin fasfo, domin ana iya nemanta a bakin iyaka. In ka kwana a jirgin ƙasa, tikitin ne shaidarka.

Sai ɗakin kansa. A watan Yuli zafi kan kai digiri 40, ka sa a kunna na'urar sanyaya ɗaki a gabanka. Ka buɗe famfon wanka ma, saboda da bazara akan tsayar da ruwan zafi na unguwa don gyaran bututu; otal mai tukunyar lantarki tasa ya fi.

Soket ɗinsu mai ramuka biyu zagayayyu ne, fulogi mai ƙafa uku ba ya shiga. Ka nemi masauki kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kamar ta kasuwar Chorsu. Tasi kuwa, ka kira ta ta manhajar Yandex Go, ka huta da ciniki.