Wa ya kashe Ruan Lingyu?

Uwar Biyu: Jama'a, haushi ya hana ni barci. Ruan Lingyu, jarumar Shanghai ta ƙasar Sin a zamanin da fim ba ya magana, ta fara fitowa a 1927, ta rasu ran 8 ga Maris 1935 tana da shekara 24. 'Yan jarida ne suka kashe ta! An gina wani fim nata kan labarin 'yar wasa Ai Xia da ta kashe kanta a 1934, ya tona asirin jaridun tsegumi. Sai suka huce a kan Ruan, suka yi ta yayata shari'arta da tsohon saurayinta Zhang Damin, har ta sha ƙwayoyin barci.

Baba Tela: Jaruma? Wadda ta halaka kanta da hannunta? Haba Hajiya.

Uwar Biyu: Baba, ai haka ake ce wa 'yan fim.

Baba Tela: To, ku 'yan zamani kuka ɓata kalmar. Jarumi shi ne mai tsayawa a fagen daga.

Ɗan Zinder: Ranka ya daɗe, a wani fim nata kallo ɗaya take yi ka ga uwa mai sayar da mutuncinta don ɗanta ya je makaranta, ba a ji muryarta ba. In ba jarumta ba ce, mece ce?

Baba Tela: Kai da ka saba kallon Indiya, yaushe ka san fim ɗin Sin?

Ɗan Zinder: Ni dai ban taɓa riƙe wa mutum ɗinkin sallah ba.

Baba Tela: Yaro, tsaya a matsayinka!

Anti Lauya: Kun bar Tang Jishan, attajirin ganyen shayi da take zaune da shi. Wasiƙar da aka ce ta bari ma, masana na zargin ƙirƙirarta aka yi, kuma shi ake nuna wa yatsa.

Ɗan Zinder: Anti, bari Baba ya janye maganar Indiya tukuna.

Shugaban Zaure: Na rufe. Abin da aka cimma: Baba Tela ya yi gaskiya, ba jaruma ba ce, 'yar wasa ce. Ɗan Zinder ya yi wa babba rashin kunya, ya ba da haƙuri kafin magariba. Baba, gobe zan aiko a karɓi rigata.