Manhajar sikelin riɗi ta tsaya: muhawarar masu kula da kwamfuta

Sakataren manoma: Assalamu alaikum. Tun da muka sauya kwamfutar ƙungiyar manoman riɗi ta ƙauyenmu, a yankin Maigatari, zuwa mai Windows 11, shafin da muke rubuta nauyin buhuna ya daina karɓar lamba daga sikeli. Sunayen manoma suna fitowa, amma gurbin nauyi fari fat, ga mutane sun jera amalanke a ƙofar rumbu suna jira. Wanda ya haɗa mana manhajar a ƙarshen 2021 ya ɗora ta a kan Internet Explorer, tsohuwar manhajar Microsoft ta buɗe shafukan intanet wadda ba ta cikin Windows 11, alhali tun watan Mayun shekarar aka sanar cewa za a janye shi ranar 15 ga Yuni, 2022. A wurina wannan yaudara ce.

Malamin kwamfuta, Gumel: Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, yaudara magana ce mai nauyi. Sikelin yana aika nauyi zuwa shafin ne ta hanyar ActiveX, wani tsarin Microsoft da Internet Explorer ke aiki da shi, wanda sauran manhajojin buɗe shafi irin su Chrome da Firefox ba sa ɗauka, don haka mai haɗawar ya bi abin da kayan aikin suka tilasta masa. Ka shiga saitin Edge, manhajar da ta maye gurbin Internet Explorer, ka kunna damar sake buɗe shafi a yanayin Internet Explorer, sannan ka sa adireshin shafin a jerin. Zai zauna kwana 30 kafin ka sabunta. Microsoft ta ce wannan yanayin zai ci gaba aƙalla zuwa 2029.

Mai shagon buga takardu, Babura: Malam, duk wanda ya san abu yana da aibi ya yi shiru ya karɓi kuɗi, a kasuwa ko a gaban alƙali, sunan aikinsa yaudara. Kana kare shi ne saboda kusan duk masu irin wannan aiki a yankin nan a hannunka suka koya.

Malamin kwamfuta, Gumel: Alhaji, ban san mutumin ba, kuma ba a zargin Musulmi da yaudara sai an tabbatar ya yi niyya. Da Flash, tsarin nuna bidiyo da hotuna masu motsi a shafukan intanet, ya mutu a ƙarshen 2020, shafukan makarantu da yawa sun tsaya, ban ji ka kira masu su mayaudara ba.

Mai gyara, Farm Centre: Ranka ya daɗe, matsalarku a ƙauye ita ce ba ku rubuta yarjejeniya. Mu a Kano ba mai karɓar manhaja sai an rubuta wanda zai kula da ita idan tsarin kwamfuta ya canza.

Mai shagon buga takardu, Babura: Yallaɓai, daga wurinku ake kawo mana kwamfutocin da aka tura musu Windows 11 da ƙarfi, alhali ba su da TPM 2.0, wato sashen tsaro na cikin kwamfuta da tsarin yake bukata. Ku ne na ƙarshe da za su koya mana amana.

Mai gyara, Farm Centre: Ku kuke matsa mana kan araha, kuma tun da tallafin Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025 kowa sabon yake nema, ko injinsa zai ɗauka ko ba zai ɗauka ba.

Sakataren manoma: Jama'a, ranar kasuwa tana tafe, kuma har yanzu da biro muke rubuta nauyi.

Shugaban zaure: Na karanta duka. Abin da ya fito fili shi ne ba a kawo hujjar yaudara ba, kuma bayanin Malam na Gumel, wanda dukanmu muka san iliminsa tun muna ɗalibansa, shi ne mai tushe. Maganar kwamfutocin Kano za mu ware mata rana, domin akwai gaskiya a ƙorafin Alhaji. Shawarata ita ce Malam Sakatare ya janye kalmar yaudara da ya yi amfani da ita, ya gwada saitin Edge, ya kuma kira mai haɗa manhajar cikin mutunci ya tambaye shi kuɗin sake gina shafin ba tare da ActiveX ba.