Ina Hausar "magic system"? Ni dai na tsaya a kan "ƙa'idar sihiri"

1. 'Yan'uwa marubuta, musamman masu littattafan yaƙi da na aljanu, akwai kalmomin Turanci guda biyu da suke yawo a bakinmu ba tare da mun yi musu rigar Hausa ba: "magic system" da "bond" (wato alaƙar da ke ɗaure jarumi da wata halitta a labari). A ta farkon, na ga wasu suna rubuta "tsarin tsafi", wasu "tsarin sihiri". Duka biyun ban gamsu da su ba, kuma ga hujjata.

2. Sai mun san abin kafin mu raɗa masa suna. Idan marubuci ya ƙirƙiro duniyar da mutane ke yin abin da ya saɓa al'ada, akwai tambayoyin da dole ya amsa wa kansa. Daga ina ƙarfin yake fitowa? Wa ke iya samunsa, gado ne ko koyo? Me mutum yake rasawa in ya yi amfani da shi? A ina ya tsaya? Amsoshin nan a dunƙule su ne abin da Bature ke nufi da "magic system".

Marubucin nan ɗan Amurka, Brandon Sanderson, shi ya fi yayata zancen. A wata maƙala da ya rubuta a 2007 ya nuna cewa gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihirin labari, gwargwadon damar da marubuci ke da ita ta warware rikici da shi. A littafinsa Mistborn na 2006, mutum sai ya haɗiyi ƙarfe sannan ya "ƙona" shi a cikinsa. Kuza tana kaifafa ji da gani, baƙin ƙarfe yana jawo ƙarafan da ke kusa. Da zarar ƙarfen ya ƙare, ƙarfin ya tafi. Mai karatu ya san haka, shi ya sa gabansa ke faɗuwa in ya ga kwalbar ƙarfen da jaruma ke haɗiya ta kusa zama wayam ga abokan gaba sun kewaye ta.

3. Matsalar "tsari" a rubuce take. Muna da tsari mai dogon wasali, wato shirya abu daki-daki, muna kuma da tsari mai gajeren wasali, wato kariya, irin na "Allah ya tsare" da "maganin tsari". Boko ba ya bambanta su. Bahaushen da ya ci karo da "tsarin sihiri" a shafi yana da cikakkiyar hujja ya ɗauka laya ake nufi ko rubutun sha na kariya daga sammu. A fagen da ake zancen asiri, ma'anar kariya ce za ta fara zuwa masa. Ban ma kawo zancen tsari ɗan'uwan guza ba.

4. "Doka" kuma tana buƙatar mai kafa ta da mai hukunta wanda ya karya. Sihirin labari ba alƙali gare shi ba. Ƙa'ida ita ce abin da abu ke tafiya a kai ko da mai tsaro ko babu, kamar ƙa'idar nahawu ko ta lissafi. Don haka na ɗauki ƙa'ida.

5. Saura rabi na biyu, kuma nan ne gardamar take da daɗi, don Hausa ba ta da talaucin kalma a nan. Tsafi yana ɗauke da gunki da yanka da bauta. In ka ce jarumarka matsafiya ce, ka riga ka yanke mata hukunci a idon mai karatu tun kafin ta buɗe baki. Maita ta cin kurwa ce. Sammu na cutar da wani ne. Siddabaru da rufa-ido wasan yaudara ne, alhali a cikin labarin abin da gaske yake faruwa. Asiri ta kusa, sai dai ta fi karkata ga abin da boka ya haɗa wa mutum a ɓoye.

Sihiri ma ba wankakkiya ba ce, kowa ya san matsayinta a addini. Amma ita ce kunnenmu ya saba ji a hikaya, tun daga Dare Dubu da Ɗaya: zoben sihiri, takobin sihiri, madubin sihiri. Mai karatu ya san in an ce haka an shiga duniyar ƙage. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, kuma ƙarfin da ke labarinsa haihuwar mutum ake yi da shi, ya ce "ƙa'idar baiwa". Ba zan ja da shi ba.

6. Rabe-raben ƙa'idar sihiri guda biyu da Turawa suke kira "hard" da "soft", kada wanda ya ce "mai tauri" da "mai laushi", sai ka ce ana cinikin nama. Bayyananniyar ƙa'ida da lulluɓaɓɓiyar ƙa'ida sun wadatar. Ta Mistborn bayyananniya ce. Ta Gandalf, dattijo mai sihiri a labarin marubuci Tolkien, lulluɓaɓɓiya ce, don har ka gama karatu ba za ka iya lissafa abin da zai iya da wanda ba zai iya ba.

7. Yanzu "bond". Ra'ayina shi ne kalma ɗaya ba za ta ɗauke ta ba, domin alaƙoƙi daban-daban Turanci ya cusa a buhu guda.

Akwai ta ubangida da bara. Aljanin fitilar Aladin ba ruwansa da halinka, wanda fitila ke hannunsa shi yake yi wa biyayya, shi ya sa da matsafin nan ya karɓe ta da dabarar musayar sabuwa da tsohuwa, aljanin ya koma yi masa aiki. Wannan muna da sunanta tuntuni: hadimi, aikin kuma hidima.

Akwai ta hawa, wadda bori ya ba mu kalmominta: iska ta hau, namiji doki, mace goɗiya, shigar kuma ta hanyar girka. Ga labarin da wata halitta ke zama a jikin jarumi tana karɓe ragamarsa lokaci-lokaci, waɗannan kalmomin sun fi duk wata fassara zama daram. A dai tuna bori al'ada ce ta mutane masu rai, ba kayan ado na labari kawai ba.

Ta ukun ita ce ba ta da suna, wato wadda ɓangarorin biyu kowa ke riƙe da ran ɗan'uwansa. A littafin Sanderson The Way of Kings na 2010 da littattafan da suka biyo shi, jarumi yana samun ƙarfi ne ta rantsuwar da ya yi wa wata halitta, ƙarfin yana ƙaruwa da kowace sabuwar rantsuwa, in ya saɓa kuwa halittar ce ke mutuwa. A littafin Philip Pullman na 1995 kowane mutum yana da dabbar da ita ce kurwarsa a fili, in aka nisanta su dukansu suna shan azaba.

8. Wani ɗan'uwa ya kawo "ɗaurin rai". Malam, da an ƙara "da rai" mun tafi gidan yari. "Ƙulli" ita kaɗai tana warin sammu. "Ƙawance" ta yi sauƙi, ƙawaye suna ɓatawa kowa ya kama gabansa lafiya lau. Ni "amanar rai" na zaɓa, saboda fi'ilanta suna nan a shirye: a ƙulla amana, a riƙe amana, a ci amana. Gwada ta a jimla: "Tun daren da ya ci amanar rai, takobin bai sake amsa kiransa ba." Ba sai an yi wa kowa sharhi ba.

9. Rauni kuwa ba ma buƙatar ƙirƙira. Lago yana nan ga inda ake kama mai ƙarfi, makari ga abin da ke karya asiri, sharaɗi ga abin da aka hana mai magani yi, kamar yadda 'yan tauri suka sani.

10. Wadda ta rage ita ce "cost", abin da sihiri ke ci a jikin mai shi. Farashi ta kasuwa ce, diyya ta kotu ce, tukuici kuma da daɗin rai ake ba da shi. Ina karkata ga "fansa". Mutanen Sakkwato da Damagaram, me tsofaffinku ke kiran abin da mai asiri ke rasawa kafin asirinsa ya ci?