Ɗan Bakatsiniya a Hayin Teku

Bakatsine:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na kammala labarin Muhammadu Gardo Bakwakwa, wanda aka buga a Detroit ta Amurka a 1854. Haifaffen Zugu ne, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau. Ga baitukana, mai amsa bismillah.

Na buɗe shafi don in ga baƙon nesa,
Sai na tarar da uwarsa 'yar Katsina.
Zugu ce mahaifa, zangon fataken goro,
Masu zuwa Gwanja a nan suke kwana.
An ba shi allo, yaro ya ƙi karatu,
Tsoron darasi ya hana shi ya zauna.
Aka kai shi gun kawu ya koyi allura,
Maƙera, zuga-zugi, wuta mai ƙuna.
Abokan tafiya suka ɗirka masa giya,
Ya farka bawa, an raba shi da suna.

Uwar Biyu:
Yayana, ka tsaya a bakin teku. Ni zan bi shi cikin jirgin da ya ɗauke shi daga Wida, a bakin tekun Benin ta yau, ya kai shi Farnambuko ta Burazil a 1845.

Daga Wida aka loda su kamar buhuna,
Tsirara a ƙasan jirgi, ba miƙewa.
Jiƙaƙƙiyar masara ce duk abincin,
Ruwa ya kewaye su, suna ƙishirwa.
Wanda ya cika sai a wurga wa kifi,
Ba wanka, ba likkafani, ba binnewa.
Can mai burodi ya saye shi ya mora,
Ɗaukar dutse, talla, duka da yunwa.
Har ya faɗa kogi yana neman hutu,
Aka tsamo shi, ta ƙi karɓarsa mutuwa.
Ni dai uwar nan ce ta tsaya mini a rai,
Magariba ta yi, ɗa ba dawowa.

Almajirin Maraɗi:
Allah ya saka, Inna. Ni wani abu ne ke cizona. A 1847 jirgin kofi ya zo da shi New York daga Riyo ta Burazil, ya ce kalmar Turanci ta farko da ya koya ita ce ta 'yanci, da ita ya gudu. Daga nan sai Haiti, inda 'yan mishan suka yi masa baftisma a 1848, sai kwalejin McGrawville a jihar New York. Kuma wani Bature, Samuel Moore, shi ya tsara littafin.

Na yi murna da ya tsinke sarƙa,
Amma a bakina abin da tsami.
Ya bar gida sunansa Muhammadu,
Wa ya rage masa da zai ce Musulmi?
Yaron da ya guje wa tawadar gida,
A hannun baƙi ya je neman ilimi.
Labarin nasa ne, wuyan ma nasa,
To me ya sa wani ke riƙe alƙalami?

Malam Tsoho:
Ɗana, tambayarka ta yi, amma sassauta. Sake duba littafin. Farkonsa Baturen ne ke cewa "shi", yana bayanin ƙasa da al'adu. Da aka iso bauta sai maganar ta koma "ni".

Kai da kake kwance a ɗakin gyatuma,
Kar ka yi saurin yanke masa hukunci.
Ya sauka Haiti ba dangi, ba harshe,
Waɗanda suka ɗauke shi sun yi karamci.
Abin da ke zuci Allah ne masani,
Ni dai na ji muryarsa cikin ƙunci.
Ya lissafa ƙauyukan da aka bi da shi,
Ɗaya bayan ɗaya, ba ha'inci.
Mai ƙirga zango yana shirin komawa,
Hanyar gida yake haddacewa da naci.
Wasiƙu ya rubuta da hannun kansa,
Roƙonsa a kai shi Afirka, ga zumunci.

Almajirin Maraɗi:
Na karɓa, Baba. Ban lura da wurin da "shi" ya koma "ni" ba, yau da dare zan koma kansa.

Na ji gyara, na sunkuyar da kaina,
Allon nan zan wanke in sake bita.

Bakatsine:
A 1855 ya tsallaka Libaful ta Ingila, yana neman jirgin da zai kawo shi wannan gaɓar. A 1857 aka yi jin ɗuriyarsa na ƙarshe, har lokacin yana Birtaniya.

Libaful, tasha, jirage na ta tashi,
Ɗan 'yar'uwarmu yana tsaye da kaya.
Da zan iya, da na aika masa goro,
Fari da ja, irin na fataken hanya.

Uwar Biyu:
Ni kuwa fura zan dama masa da nono,
In sa a ƙwarya, in rufe da faifai.
In ya iso Ƙofar Guga da yamma,
A tambaye shi sunan uwarsa kawai.